Fitilar rataye: hurumin mai zanen gini ce ko ta mai wayarin?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana gini da ke cikin wannan zaure. Ginin da nake yi a wajen Barhim ya kai matakin wayarin, ba a riga an rufe silin ba. Wanda ya zana mini gidan ya saka fitilun rataye a falo da wurin cin abinci, har ya rubuta tsawon igiyar kowace ɗaya da faɗin murfinta da irin ƙwan da za a ɗaura mata. Mai wayarin kuma ya ce wannan shiga sharo ba shanu ne, shi dai a nuna masa inda zai fito da waya, idan an gama gini sai a je kasuwa a zaɓo shandaliyar da ta yi wa ido kyau. Shin zaɓen fitila yana cikin aikin mai zanen gini, ko kuwa ƙawa ce da ake bari sai ƙarshe?

Akitek:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa a gama lafiya. Amsata a taƙaice ita ce yana cikin aikinsa, domin shi ne ya san tsayin ɗakin, da inda taga take, da inda mutum zai zauna ya fuskanta. Amma zan ɗan tsawaita, saboda irin fitilun da ake kwaikwaya ake kawo mana yanzu, da dama daga cikin na asalinsu masu zanen gini ne suka ƙirƙiro su, kuma ba don ado suka yi ba.

Wanda ya fi shahara a wannan fage shi ne Poul Henningsen, mutumin Danmak da ya rayu daga 1894 zuwa 1967. Ya taso da fitilar kananzir mai sanyin haske, don haka da ƙwan lantarki ya shigo gidaje abin da ya dame shi shi ne yadda yake dallare ido. Mutanen zamaninsa ko dai su bar ƙwan a fili ya riƙa kashe ido, ko kuma su lulluɓe shi da ƙyalle rabin hasken ya salwanta. Shi sai ya jera murafe uku, babba da matsakaici da ƙarami, girmansu yana bin lissafin kusan 3 da 2 da 1, kowane an lanƙwasa shi ta yadda hasken da ya bugi cikinsa zai dawo ƙasa a baje, idon mutum kuma ba zai taɓa cin karo da ƙwan ba. Fitilunsa sun sami lambar zinare a baje kolin birnin Faris na 1925, a 1926 kuma tsarin nan mai murfi uku ya fito a kammale, kamfanin Louis Poulsen na Kofanhagan, babban birnin Danmak, yana ƙerawa. A 1958 ya fito da PH 5, wadda faɗin babban murfinta santimita 50 ne, ya shafa wa wasu ƙananan sassa na cikinta ja da shuɗi domin su gyara launin hasken ƙwan. A shekarar ce kuma ya yi wadda ake kira Artichoke domin gidan cin abinci na Langelinie, mai ganyen ƙarfe 72 a layi 12, shida a kowane layi, kuma duk kusurwar da ka tsaya ba za ka hangi ƙwan ba.

Abin lura shi ne bai fara da tambayar wace siffa ce za ta burge baƙo ba. Ya fara da inda hasken zai sauka da inda idon mutum yake, siffar ta biyo baya. Wannan lissafi kuwa ba a yin sa a shagon kayan lantarki bayan an gama fenti.

Injiniya:
Akitek, ka yi bayani mai kyau, amma ka ja ruwa zuwa gonarku. Henningsen ɗin da ka kafa hujja da shi ya karanci zanen gini, amma bai kammala karatun ba. A makarantar Bauhaus ta Jamus, wadda ta yi aiki daga 1919 zuwa 1933, fitilun da suka yi suna daga sashen aikin ƙarfe suka fito: Wilhelm Wagenfeld, mai fitilar tebur ta 1924, aikin azurfa ya koya, Marianne Brandt kuma da zanen fenti ta fara kafin ta shiga maƙera. Ko Alvar Aalto na Finlan da kuke yawan ambata, fitilun manyan gine-ginensa na farko kamfanin Taito ne ya ƙera su, kamfanin da maƙeri Paavo Tynell yake jagoranta. Saboda haka ban yarda cewa takardar shaidar zanen gini ce ke ba mutum fahimtar haske ba.

Na biyu, akwai abin da masu zane ke yawan tsallakewa. Silin ɗin fi-o-fi ba ya ɗaukar nauyi. Duk fitilar da ke da ɗan nauyi sai an dasa mata ƙugiya a jikin kankaren dakin ko a jikin katakon rufi tun kafin a rufe, kuma sai an haɗa wa murfin ƙarfe wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, domin lantarkinmu bolt 230 ne, ba abin wasa ba. Na sha karɓar zane mai kyan gani wanda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a jikinsa.

Akitek:
Injiniya, maganar ƙugiyar nan taka ai ni ta taimaka. Idan ƙugiya sai an dasa ta kafin a rufe silin, to dole a san wace fitila ce, da nauyinta, da daidai inda za ta sauko, tun a takarda. Wannan ya rushe shawarar a bari sai an gama a je kasuwa. Maganar maƙera kuwa ban musa ba, kuma zan dawo kanta.

Maman Ilham:
Malamai, ku yi mini uzuri in shigo da abin da mu masu zama a cikin ɗakunan muke gani. Duk waɗannan fitilu da kuke lissafawa an yi su ne domin mutanen da ke zama a kujera su kewaye tebur. Mu kuwa, ko a gidan da aka ware wurin cin abinci aka saka tebur mai kujera shida, mafi yawan lokaci leda ake shimfiɗawa a tsakiyar falo a ci a ƙasa, teburin ya zama wurin ajiye kuloli. Wanda ke zaune a kan kafet idan ya ɗaga kai cikin murfin fitilar yake kallo kai tsaye, don haka fitilar da ta ɓoye ƙwai ga na kan kujera ba lallai ta ɓoye shi ga na ƙasa ba.

Sannan ga ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ko an rufe taga an saka labule, sai ka rubuta sunanka da yatsa a kan teburin gilashi. Akitek, da na ji ka ce ganye 72, abin da ya fara zo mini shi ne wa zai hau tsani ya goge su. Da damina kuma gina da sauran ƙwari suke taruwa a kan haske, duk fitilar da ke da kwano a ƙasa sai ta cika da gawarsu har hasken ya dusashe. A gidan wata 'yar'uwata akwai shandaliya mai ɗaruruwan duwatsun gilashi, da aka ɗaura ta sai walƙiya take yi, yanzu duwatsun sun koma ruwan ƙasa, ƙwai uku ne kawai ke kamawa daga cikin waɗanda ke jikinta, kuma babu mai ƙarfin halin taɓa ta don kada ta zubo.

Ɗalibar Zanen Gini:
Hajiya, maganarki ta kallon fitila daga ƙasa ita ce ainihin matsalar da Alvar Aalto da matarsa Aino suka fuskanta a asibitin masu tarin fuka na garin Paimio a Finlan, wanda aka kammala a 1933. Sun lura cewa ɗaki na yau da kullum ana tsara shi ne domin mutumin da ke tsaye, alhali majiyyaci a kwance yake wuni yana kallon silin. Sai suka ɗauke fitila daga inda idonsa ke sauka, suka sa haskenta ya bugi sama sannan ya dawo a tausashe, suka kuma shafa wa silin launi mai kwantar da ido. A fahimtata wannan shi ne aikin mai zanen gini a harkar fitila: ya tambayi yadda ake zama a ɗakin kafin ya zana komai. Da Aalto zai zana falo a Katsina, ina kyautata zaton daga kan kafet zai auna tsayin ido.

Fitilunsa na rataye ma kowace da ginin da aka yi ta dominsa. Wadda ake kira Golden Bell, ta tagulla, ta gidan cin abinci na Savoy ce a Helsinki a 1937, kuma an yi mata ƙananan huji a zagayen bakinta domin kada gefen ya yi kaifin haske. Haka Arne Jacobsen ya yi a otal ɗin SAS Royal na Kofanhagan da aka buɗe a 1960, inda ya zana ginin da kujerunsa da fitilunsa har da cokulan cin abinci. Daga baya ne kamfanoni suka riƙa ƙera su da yawa ana sayar wa kowa.

Dattijon Daura:
'Ya'yana, ina bin bayananku tun daga farko, kuma na ƙaru. Sai dai ina so in tuna muku cewa magina na dauri ba su bar maganar fitila sai bayan an gama gini ba. Ku shiga duk wani tsohon soro a Daura ko a cikin birnin Katsina, za ku tarar da alkuki a jikin bango. Magini ne yake barin gurbinsa tun yana jera tubali, a tsayin da hannu zai kai, a gefen da iskar ƙofa ba za ta kashe aci-balbal ba. Fitilar tana cikin gurbin, bangon da ke bayanta yana maido da hasken cikin ɗaki, baƙin hayaƙin kuma yana tsayawa a wuri guda. Ba maigida ne ke zuwa daga baya ya fasa bango ba.

Akwai kuma abin da nake jin takaicinsa. A soron da aka yi wa ɗaurin guga, inda bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe rufin, suka haɗu a tsakiya, akan liƙa tasa ko farantin tangaran. Yanzu sai ka ga an huda daidai wurin an zuro waya da ƙwai tsirara a bakinta. Da dare ƙwan ya dallare maka ido, jeren azarar da aka sha wahalar yi kuma ya ɓace a cikin duhu, domin ido ba ya iya ganin abin da ke bayan haske mai ƙarfi. Idan masu zane na yanzu suna da abin da za su yi mana, to su samo fitilar da za ta haska wannan rufi ba tare da an huda shi ba.

Akitek:
Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka nema yana yiwuwa, kuma ba fitilar rataye ce maganinsa ba. A irin wannan soro fitila ake ajiyewa a bango, a sama da tsayin ido, bakinta yana kallon sama, sai hasken ya bi lanƙwasar bakan gizo ya bayyana azara. Na faɗi haka ne domin kada a ɗauka ina cewa kowane ɗaki sai an rataya masa fitila.

Hajiya kuma ta kawo hujjar da ba ta da amsa sai a amince. Zan ƙara mata da wadda ta fi ƙura tsanani, wato fanka. A Danmak tsakiyar silin babu mai gasa da fitila, mu kuwa tsakiyar silin ta fanka ce, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, babu wanda zai sadaukar da fanka saboda ƙawa. Idan fitila tana sama da fukafukan fanka, hasken zai riƙa yankewa yana ƙifta a jikin bango har mutum ya ji jiri. Idan kuma an rataye ta kusa da fankar, iska za ta riƙa kaɗa ta, inuwa tana yawo a ɗaki. Ƙari a kan haka, yawancin gidajenmu tsayinsu kusan mita 3 ne, fi-o-fi ya ci wani abu daga ciki, kuma duk abin da ke rataye a inda ake wucewa bai kamata ya sauko ƙasa da kusan mita 2.1 ba. To, ina sararin da ya rage?

Saboda haka ni a falon da ake zama a ƙasa ba na saka fitilar rataye a tsakiya. Nakan bar wa fanka tsakiya, in kai haske bango. Fitilar rataye nakan ajiye ta inda akwai abin da ba ya motsi a ƙarƙashinta, kamar teburin cin abinci idan da gaske ana amfani da shi, ko kantar kicin, ko ramin matakalar bene inda tsayi ya wadata. A kan tebur kuma saukowa take yi har tsakaninta da fuskar teburin ya zama kusan santimita 60 zuwa 75. Mutane da yawa idan sun ga haka cewa suke yi an yi kuskure, sai su sa a naɗe igiyar fitilar ta manne da silin, daga nan kuma amfaninta ya tafi, domin an yi ta ne ta tara haske a kan abinci da hannuwan masu ci, ta bar sauran ɗakin a tausashe.

Injiniya:
A kan fanka mun daidaita. Bari in ƙara abin da ya shafi ƙwan, domin shi ne ke lalata yawancin fitilun da na gani. Waɗancan fitilu an lissafa su ne da tsohon ƙwai mai zare, wanda ke watsa haske ta kowace fuska. Ƙwan LED da muke saye yanzu gindinsa rufaffe ne, rabin gaba kawai yake haskawa, don haka murfin sama ba ya samun rabonsa, sai fitilar ta yi haske a ƙasa kanta kuma ya yi duhu. Ga irin wannan fitila gara a nemi LED mai siffar zare a cikin gilashi. Henningsen kansa ya yi PH 5 ne saboda masu ƙera ƙwai suna ta sauya girmansa da siffarsa, ya so fitilar da za ta ɓoye kowane iri aka saka mata.

Sai launi. Mu nan farin haske muke so, mai lamba 6500K a jikin kwali, har idan ka ɗaura wa mutum mai ruwan ɗorawa na 2700K sai ya ce ƙwan ba shi da ƙarfi. Ƙarfi kuwa ba a launi yake ba, a lumen ake auna shi: tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da kusan lumen 800, LED mai wat 9 ko 10 yana ba da kwatankwacin haka ko fari ne ko ɗorawa. Ga masu sola da inbata wannan lissafi ya fi komai muhimmanci, domin fitila ɗaya mai ƙwai ɗaya da ta sauke haske inda ake bukata ta fi shandaliya mai ƙwai goma sha biyu sauƙi a kan batir. Kuma a guji murfin da ya rufe ruf, domin zafi shi ne ajalin LED.

Maman Ilham:
Injiniya, kada ka raina son farin haske. Mai tsintar shinkafa ko mai duba ɗinki da dare ba za ta gode maka da hasken ɗorawa ba. Na ji cewa a Kofanhagan rana ba ta wuce kusan awa 7 a watan Disamba, to ba mamaki su so haske mai kama da na wuta a cikin sanyinsu. Mu da muke wuni cikin rana, wani idan ya ga jan haske zafi yake ƙara ji.

Injiniya:
Gaskiya ne, Hajiya. A kicin da ɗakin karatu ni ma 4000K nake ba da shawara, wanda yake tsaka-tsaki. A ɗakin kwana ne nake dagewa a kan mai ɗorawa.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai. Na fahimci ya kamata in zaunar da mutanen biyu a wuri guda kafin a rufe silin, kuma zan tambayi mai zanen inda ya ajiye fanka a falon. Saura tambaya ɗaya: na asalin waɗannan fitilu kuɗinsu ba na mai ginin albashi ba ne, a kasuwa kuma akwai masu kama da su da araha. Akwai laifi a sayi na kwaikwayon?

Ɗalibar Zanen Gini:
Baba, matsalar na kwaikwayo ita ce siffar waje suke ɗauka su bar lissafin ciki. Na taɓa juya wata mai kama da PH 5 a wani shago: mazaunin ƙwan ya sauko fiye da inda ya dace, har ana hango ƙwan ta tsakanin murafen, cikin murafen kuma fenti ne mai sheƙi wanda ke maido da hoton ƙwan cikin ido. Kafin ka biya, ka sa a kunna ta, ka tsuguna ka dube ta daga ƙasa, ka koma gefe ka sake dubawa. Idan ka ga ƙwan ko ta fuska ɗaya ce, to ba ta yi aikin da aka ƙirƙire ta dominsa ba.

Ga masu haya da ba su da ikon huda silin, 'yan'uwan nan biyu na Italiya, Achille da Pier Giacomo Castiglioni, waɗanda dukansu masu zanen gini ne, sun warware matsalar a 1962 da fitilar Arco: gindin marmara mai nauyin kusan kilo 65, da dogon ƙarfe da ya lanƙwaso ya kawo haske saman tebur. Har huji suka yi wa marmarar domin a zura sandar tsintsiya mutum biyu su ɗauka.

Akitek:
Na yi alkawarin dawowa kan maƙera. Alhaji, maimakon na kwaikwayo, ni na fi son mai zanenka ya zana murfi mai sauƙi, guda biyu ko uku, buɗaɗɗe sama da ƙasa domin zafi ya fita ƙwari kuma su zube, mai santsin baya da tsumma ɗaya zai goge, a kai wa masu aikin alminiyam ko tagulla su buga. Wanda ke iya fitar da tukunya da murfinta daidai wa daida ba zai gaza wannan ba, muddin an ba shi awo a rubuce kuma an fara gwada ɗaya da kwali a cikin ɗakin da dare. Cikin murfin a shafa masa farin fenti marar sheƙi, a kuma saka ɗan faranti mai dusasshen gilashi ko ƙaramin murfi a ƙasa saboda masu zama a kafet.

Injiniya:
Na yarda, da sharaɗi biyu. Maƙeri ya tsaya a kan murfi kawai, mazaunin ƙwai da waya a sayo masu inganci, mai wayarin ne kuma zai haɗa. Sannan nauyin fitilar kada ya rataya a kan wayar wuta, a ba ta sarƙa ko siririyar igiyar ƙarfe tata daban. Masu son yin murfi da ƙwarya ko saƙar kaba kuma su tsaya a kan LED mai ƙaramin wat, su bar tazara tsakanin ƙwan da jikin murfin. Farantin ƙasan da ka ambata, Akitek, ka bar masa rata a zagaye, in ba haka ba mun koma kan kwanon ƙwarin da Hajiya ta yi ƙorafi a kai.

Akitek:
Ratar yatsa biyu ta isa, kuma a ɗaure farantin da noti uku da ake kwancewa da hannu, domin a iya sauke shi a wanke ba sai an kira mai wayarin ba.